Hadda a Cikin Na'ura: Tace Sauti da Jadawali



Duk wanda ya yi magana ta wayar tarho, muryarsa ba ta isa kunnen abokin zancensa sai an mayar da ita lambobi, aƙalla sau 8,000 a kowace daƙiƙa. To, ba muryar kaɗai ke shiga ba, har da ƙugin inji da hucin iska. Saboda haka wajibi ne a tace, kamar yadda ake tankaɗe gari a fid da tsaki.

Ga yadda tacewar take. Na'ura takan ɗauki lambobin da suka shigo baya-bayan nan, ta ninka kowace da wani tsayayyen adadi, sa'an nan ta tara sakamakon. Waɗannan adadai su ne idanun rariyar. Sai dai ninkawa aiki ne mai cin wuta da cin wuri a cikin na'ura, alhali kuwa batiri ba ya da yawan da za a yi almubazzaranci da shi.

Maganin da aka samo ba baƙo ba ne a nan Kongo, inda aka kafa makarantar horar da akawuna a 1947. Akawun da, in zai lissafa albashi ko haraji, ba ya sake ninkawa. Yakan buɗe jadawalin da aka riga aka lissafa ya duba. Wannan dabara ce Abraham Peled da Bede Liu na Jami'ar Princeton ta Amurka suka bayyana a 1974, watau a lissafa amsoshi tun da wuri a ajiye su a ma'ajiyar na'ura.

Abin da ya sa haka ta yiwu shi ne, na'ura ba ta san wani alƙalami ba sai 0 da 1. Alal misali, in adadan huɗu ne, aka ɗebo alƙalami guda daga kowace lamba, haɗuwarsu ba ta wuce iri 16 ba. Sai a tanadi gida 16, kowane da jimlarsa. Na'ura ta riƙa dubawa tana tarawa, alƙalami bayan alƙalami, kowane bisa ga matsayinsa.

Amma kowace dabara da harajinta. Duk adadi guda da aka ƙara, jadawalin sai ya riɓanya biyu. Adadi 16 na bukatar gida 65,536. Shi ya sa akan raba shi ƙanana huɗu, gida 64 ke nan duka, a tara amsoshinsu. Kazalika in an sauya idanun rariyar, tilas a sake rubuta jadawalin, in ba haka ba na'ura ta yi ta ba da tsohuwar amsa.

Ɗalibai, kun ji an yi bayanin nan duka da Hausa: tacewa, rariya, jadawali, ma'ajiya. Kalmomin suna nan. Abin da ya rage shi ne ku zauna da injiniyoyinmu na Samaru ku daidaita su, ku rubuta littattafai.

Allah ya sa mu dace.