Motsin ɗa a ciki: saƙon da uwa ce ke fara ji

Zancenmu na yau a kan motsin ɗa ne a cikin mahaifiyarsa. Ɗan da ke ciki ba ya kuka balle a ji shi. Da motsi yake sanar da lafiyarsa, kuma babu mai ji sai ke, uwa.

Yawanci ana fara jin motsi tsakanin mako na 16 da na 24, wato wata na 4 zuwa na 6. Mai cikin fari takan ɗan makara kafin ta gane shi. Motsin yana ƙaruwa har wajen mako na 32, daga nan ya tsaya haka har naƙuda. Ana cewa idan haihuwa ta matso ɗa yakan yi shiru don ya huta. Wannan ba gaskiya ba ne. Ɗa yana barci a ciki minti 20 zuwa 40, da wuya ya wuce minti 90, amma lafiyayyen ɗa ba ya wuni kwance.

Daga wata na 7, ki san al'adar ɗanki: yaushe ya fi motsi, bayan kin sha fura ne ko da dare in kin kwanta? Ranar da kika ji ya rage, ki ajiye daka da ɗibar ruwa, ki kwanta ta gefen hagu. Ki ɗebi tsakuwa 10, duk motsi ɗaya ki ware guda. In babu agogo, ki auna daga azahar zuwa la'asar, wajen awa 2 ke nan. Idan tsakuwar ba ta ƙare ba, ko ba ki ji komai ba, ki tafi likita a ranar, ko da dare ne. Kada ki sha jiƙo ki jira wayewar gari.

Me ke sa motsi ya ragu? Sau da yawa mabiyiya ce ba ta kai wa ɗa isasshen abinci da iska. Ƙarancin jini, zazzaɓin cizon sauro da hawan jini duk suna jawo haka. Shi ya sa muke roƙon ku da zuwa awo a kan kari, da shan ƙwayoyin ƙarin jini kullum, da karɓar maganin rigakafin zazzaɓi, da kwana cikin gidan sauro, da ƙara wake, gyaɗa, zogale da ƙwai a abinci. A likita, ungozoma za ta saurari bugun zuciyar ɗan. In da matsala, ta tura ki babban asibiti tun da sauran lokaci.

Ku masu faɗakarwa, duk gidan da kuka shiga ku tambayi mai ciki: "Yau ya motsa kamar yadda ya saba?" Ku fi lura da masu cikin fari, domin kunya na hana su faɗa wa uwar miji. Ku zauna da magidanta, a tanadi kuɗin mota ko amalanke tun ciki bai tsufa ba.

Uwa, in kin je aka tarar lafiya lau, ba ki yi asarar komai ba, kuma gobe in ya sake yin shiru ki sake komawa. Allah ya sauke ku lafiya.