A Kai Yara Gidan Makama

Yaro zai haddace cewa Muhammadu Rumfa ya hau gadon sarautar Kano a 1463, ya ci jarrabawa, bayan mako guda ya manta. Amma a shigar da shi Gidan Makama, gidan da Rumfa ya zauna kafin ya zama sarki, ya ga tsofaffin ƙyauren ƙofofin ganuwa da hotunan zuwan Turawa a 1903, sai ya koma gida da tambayoyi fal bakinsa.

Abin takaici, akwai makarantun da ke cikin birni, tafiyar ƙafa kawai, ba su taɓa leƙawa ba. Kuɗin mota ba hujja ba ne a nan. Shugabannin makarantu, ku ware rana guda a zangon nan, ku gayyato dattijon unguwa ya yi wa yaran rakiya.