Dubliners: Littafin da Ya Raba Kan Masu Karatu

Tun 1914 da James Joyce ya fitar da Dubliners, gajerun labarai 15 kan mutanen birnin Dublin na ƙasar Ireland, bakin masu karatu bai zo ɗaya ba. Wasu na ƙorafin labaran ba kai ba gindi. A labarin "Eveline", budurwa ta kai har bakin jirgin ruwa za ta gudu da saurayinta, sai ta ƙanƙame ƙarfen shinge, shi ke nan labari ya ƙare.

To, a nan gizo ke saƙar. Joyce yana nuna mutanen da talauci, coci da mulkin Ingila suka ɗaure ne. Da budurwar ta hau jirgin, da ya yi mana ƙarya. Masu ƙorafin ma sukan sassauto idan suka kai labarin ƙarshe, "The Dead". Wanda bai da haƙuri, ya fara da shi.