WANE NE BAFARANSHE?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Manzon Allah da iyalan gidansa da sahabbansa. 

Abin da aka ɗora mani in yi magana a kai yau shi ne: wane ne Bafaranshe? Na san wani zai ce, ina ruwanmu? To, da ruwanmu. Miliyoyin Musulmi ne ke zaune a Faransa, da yawansu can aka haife su, ba su san wata ƙasa ba, kuma a kansu wannan tambayar take ƙarewa.

In ka bi abin da ke rubuce, amsar tana da daɗin ji. Daga juyin juya halin 1789 suka samo takensu na 'yanci, daidaito da 'yan uwantaka. A 1882 wani masaninsu, Ernest Renan, ya yi lacca a jami'ar Sorbonne, ya nuna ba jini ko harshe ko addini ke yin al'umma ba, yarda ce ta mutane su zauna tare. Tsarin mulkinsu na 1958, a sashen farko, ya ce duk 'yan ƙasa ɗaya suke a gaban doka, ba a duba asali ko launi ko addini. Wato Bafaranshe, a takarda, shi ne wanda ya yarda da wannan alƙawari.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Mu koma zamanin mulkin mallaka, mu fara da Aljeriya. Faransa ta shige ta a 1830, daga baya ta ce ai Aljeriya yanki ce ta Faransa kanta. Shi ke nan mutanen cikinta sun zama Faransawa? A 1865 aka yi doka, aka ce Musulmin Aljeriya Bafaranshe ne, amma ba cikakken ɗan ƙasa ba. In yana son cikakken haƙƙi, sai ya nema, kuma sai ya rabu da hukuncin Shari'a a aurensa da sakinsa da gadonsa. Ku lura da kyau, 'yan uwa. An buɗe masa ƙofa, amma an ce ya ajiye wani abu a bakinta. 'Yan kaɗan ƙwarai suka yarda, don jama'a suna ganin abin kamar ridda ne.

Ga kuma abin mamaki a Senegal. A 1916, ta hannun ɗan majalisa Blaise Diagne, aka tabbatar wa mutanen garuruwa huɗu, har da Dakar, zama cikakkun 'yan ƙasar Faransa, kuma Musulminsu suka ci gaba da aure da gado bisa Shari'a. Me ya kawo sassaucin? Ana Yaƙin Duniya na Ɗaya, ana neman sojoji. Ashe ana iyawa ke nan! Babban Masallacin Paris ma, da aka buɗe a 1926, tukuici ne ga Musulmin da suka mutu a wannan yaƙi. Su kuwa 'yan uwanmu na Damagaram da Maraɗi, talakawan mallaka kawai aka ɗauke su, ana sa su aikin tilas, sai a 1946 aka soke shi, aka ce su ma 'yan ƙasa ne.

Mu zo kan abin da suke kira layisite, wato raba addini da gwamnati. Adalci shi ne mu faɗa, ba don Musulmi aka yi dokar 1905 ba. Faɗa ne tsakaninsu da cocin Katolika, wadda ta daɗe tana riƙe da makarantu tana juya siyasa. Asalin ma'anar ita ce gwamnati ba ta da addini, kowa ya yi nasa.

Sai a 1989, a garin Creil, aka hana 'yan mata uku shiga aji saboda ɗankwali. Babbar majalisar da ke ba gwamnati shawara kan doka ta duba, ta ce ɗankwalin ɗaliba shi kaɗai bai saɓa wa layisite ba. Maganar ba ta mutu ba. A 2004 aka yi dokar hana sa alamar addini bayyananniya a makarantun gwamnati. Ta haɗa da babban gicciye da hular Yahudawa, amma kowa ya san da wa ake. A 2010 aka hana rufe fuska a bainar jama'a. A 2023 aka hana abaya a makaranta. Kun ga yadda abin ya juya? Da, gwamnati aka ce kada ta nuna addini. Daga baya nauyin ya koma kan yarinya 'yar shekara goma sha biyar. A ganina sharaɗin 1865 ne ya dawo da sabuwar riga.

Masu kallon ƙwallo sun san Zinedine Zidane, haifaffen Marseille, iyayensa 'yan Aljeriya. Da ya jefa ƙwallo biyu a ragar Brazil a 1998 suka ɗauki kofin duniya, ba wanda ya tambaye shi takarda. Shekara huɗu bayan nan Jean-Marie Le Pen, wanda siyasarsa ƙin baƙi ce, ya zo na biyu a zaɓen shugaban ƙasa.

Kada kuma mu yi masu kuɗin goro. Da Nicolas Sarkozy ya kafa ma'aikatar da ta haɗa sha'anin baƙi da "asalin ƙasa" a 2007, Faransawa masana tarihi takwas suka yi murabus daga gidan tarihin baƙi don nuna ƙin yarda. A 2009 gwamnatinsa ta kira muhawarar ƙasa kan wane ne Bafaranshe, tarurrukan suka rikiɗe zuwa zancen Musulmi da masallatai, ba a fito da amsa ba. A 2010 aka rushe ma'aikatar.

Nan zan dakata, mai tambaya ya yi kafin a kira La'asar.