AMAWALIN INJI: DARASIN DA MOTAR MAHAIFINMU TA KOYA MANA



Mai girma Sarkin Hausawa, ranka ya daɗe. Malamanmu, Allah ya gafarta muku. Shugabannin ƙungiya, iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu mazauna Sabo a nan Badun, muna gaishe ku gaisuwa irin ta zumunci.

Tun ranar da muka fito da tsohuwar Fijon nan muka ajiye ta a bakin layin 'yan goro, jama'a ba su bar mu mun huta da tambaya ba. Shi ne shugaba ya ce mu zo gaban taro mu amsa gaba ɗaya. Mu dai ba kanikawa ba ne, 'yan goro ne, mu uku 'ya'yan mutum ɗaya. Amma duk abin da ya ci maka kuɗi ya zama malaminka.

Ga yaran da ba su san ta ba, sunanta Peugeot 504. A 1968 ta fito a Faransa, a 1969 aka zaɓe ta motar shekara a Turai. A 1975 aka buɗe masana'antar harhaɗa Peugeot a Kakuri, Kaduna. Turai ta daina ƙera irin tamu a 1983, amma Kaduna ta ci gaba har bayan shekara ta 2000. Kuma kada ku gan ta da tsufa ku raina ta, jinin tsere gare ta. A 1975 wani mutumin Suwidin, Ove Andersson, ya ci tseren Safari na Kenya da 504. A 1978 Jean-Pierre Nicolas na Faransa ya sake cin wannan tsere da 'yar'uwarta mai ƙofa biyu, wadda kamfanin Pininfarina na Italiya ya zana jikinta. Tseren nan kuwa cikin ƙura da taɓo ake yin sa.

Marigayi Baba ya sayi tasa sabuwa fil a 1979. A cikinta aka kai mu gida Kano ganin dangi tun muna ƙanana. Bayan rasuwarsa ta yi shekara 14 a gindin mangwaro, har kaji na ƙwai a ciki. 'Yan gwangwan sun zo tayi ya fi a ƙirga. Hajiya ta ce muddin tana numfashi ba mai sa wa motar nan guduma. Sai muka yi mata alkawari za mu tashe ta, mu kai ta gida Sallah a ciki.

Aikin ya ci kusan shekara biyu. Mai walda ya sake ƙasanta da tsatsa ta cinye, aka yi fenti, aka ɗinke kujeru, aka gyara lagireto da birki. Aka sauke inji, aka gyara silinda, aka sa fistin da ringi sababbi. Abu ɗaya muka raina, shi ne matatar iska, wadda kanikawa ke kira iya-kilina. Tata ta asali wata baƙar tukunya ce, ta ruɓe, muka yar. Wani ɗanmu ya nuna mana hoton motocin tsere a waya, ya ce yanzu an ci gaba. Muka sayo wata 'yar matata mai ƙyalli, buɗaɗɗiya, aka ɗora a kan kafireta. Wallahi in aka taka ta, rurinta har cikin ƙirji. Muka yi ta murna.

Da hunturu ya shiga muka fara gwada ta a doguwar hanya: Ilori, Jabba, Makwa, har gida. Kun dai san yadda mutum ke bin bayan tirela cikin jar ƙura a inda kwalta ta mutu. Sawu uku muka yi. A na ukun sai salansa ta fara shuɗin hayaƙi, tana shan baƙin mai kamar ruwa. Muka kai ta wurin wani dattijon bakanike Bayarabe da ya tsufa a kan Fijo. Bai ce komai ba, ya cire matatar, ya zura yatsa a maƙogwaron kafireta, ya nuna mana. Yatsan ya yi ja. Ya ce, "Alhaji, motarku ba tsufa ke damun ta ba, ƙasa kuka ba ta ta ci."

To jama'a, ga abin da muka fahimta. Inji ya fi shan iska a kan mai nesa ba kusa ba. Kafin ya ƙone lita ɗaya ta fetur, sai ya zuƙi iska kimanin lita 9,000. Duk ƙurar da ke cikin iskar nan, in ba a tare ta ba, cikin silinda za ta. Can sai ta gauraya da baƙin mai, ta riƙa goge ringi da bangon silinda kamar dutsen wasa wuƙa. Hazon hunturu kuwa, wanda da yawansa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi yake tasowa, laushinsa ya fi na gari. Shi ya sa Buzu ba ya shiga hamada sai ya ja amawali. Matata ita ce amawalin inji.

Iri uku ne a kasuwa. Ta farko ita ce mai tukunyar mai, irin ta dā. Iska na gangarowa ta juya a kan baƙin mai, ƙura mai nauyi ta faɗa ciki, saura ta maƙale a ragar waya da mai ya jiƙa. Ba a sake ta, wanke ta ake yi da kananzir, a zuba sabon mai daidai layin da aka zana. In ka wuce layi, inji zai zuƙe man. In ka bar ta ta kafe, ta zama tukunyar banza.

Ta biyu ita ce ta takarda. Gaskiya ta fi duka kama ƙura mai laushi, in ta kirki ce. Amma ba a wanke ta, kuma kada ka ba mai faci ya busa mata iska mai ƙarfi, don takan yage inda ido ba ya gani. In ta toshe a motar kafireta, za ka ga baƙin hayaƙi, fetur na gudu. Babbar matsalarta jabu. Araha ba ta ado.

Ta uku ita ce irin wadda ta cuce mu, ta auduga ko soso. Tana barin iska da yawa ta wuce, shi ya sa masu tsere ke son ta, amma ƙura mai laushi ma tana samun hanya. Dole a riƙa wanke ta ana shafa mata manta na musamman. Mu kuwa ko sau ɗaya ba mu shafa ba. Laifinmu ne, ba na yaron ba. Mai tsere makanikinsa na biye da shi, mu kuwa daga mu sai hanya.

Muka sake sauke inji. Kuɗin da ya tafi, da huhun goro muka saya da shi, da mun ji daɗin shekarar. Abin da ya fi kuɗin ciwo shi ne Sallar nan ta wuce ba mu cika wa Hajiya alkawari ba. Daga baya muka samo tukunya irin ta asali a Kofar Ruwa a Kano. Ita muka zaɓa, don da irinta Baba ya karɓi motar, kuma kananzir da baƙin mai ba garin da babu su. Duk sawu ɗaya a hunturu sai mun buɗe mun duba.

Ku masu Golf da Sharon da Hiace, kada ku ce za ku kwaikwaye mu. Motar zamani takarda ta kirki take so, kuma matata mai maiƙo na iya ɓata na'urar da ke auna iska. Kowa ya zaɓa bisa motarsa, da hanyar da yake bi, da irin kulawar da ya san zai iya. Sannan ku duba robar da ta haɗa matata da inji, don sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Gwajin dattijon nan kyauta ne: shafa yatsa a cikin bututun bayan matata. In ka ga ƙura, kada ka hau hanya.

Alhamdu lillahi, a Babbar Sallar da ta wuce Hajiya ta zauna a kujerar da ta saba zama, muka kai ta gida muka dawo, ba mu ƙara ko ludayin mai ba.

Motar na waje. Duk mai son gani, in an tashi za mu buɗe masa. Allah ya kiyaye hanya, ya ba mu kasuwa mai albarka. Wassalamu alaikum.