Daga Motar Kara Zuwa Kan Jirgi: Jawabin da Aka Gabatar a Taron Ƙungiyar Ɗaliban Daura



Abin nan da kuke gani bisa tebur kan jirgin ƙasa ne na gwangwani, wanda na shafe hutun damina ina ƙerawa a zauren gidanmu a Daura. Na san akwai masu murmushi, suna cewa ɗan jami'a ya koma wasan yara. Ku ba ni aron kunnuwanku kaɗan.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙaura Namoda a 1929, Nguru kuwa a 1930, amma dogo bai bi ta ƙasar Daura ba. Sai a Disamban 2019 aka aza harsashin Jami'ar Sufuri a Daura, a Fabrairun 2021 kuma aka ƙaddamar da aikin dogo mai tsawon kilomita 284 daga Kano zuwa Maraɗi, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. To, ran da jirgi ya tsaya a garinmu ya ƙi tashi, wa zai buɗe cikinsa?

Irin kan jirgin da na kwaikwaya shi ne mai jera taragai. Ba ya tafiya mai nisa, cikin tasha yake wuni, yana tura wannan tarago, yana jawo wancan, har jirgi ya haɗu. Aikinsa ne ya ba shi siffarsa. Gajere ne, ƙafafunsa ƙanana, domin ƙarfin ja ake bukata gare shi fiye da gudu. Ɗakin direbansa na da tagogi gaba da baya, kuma akwai matakala da madafa a kowane ƙarshe saboda mai ƙulla taragai.

Dukkanmu mun yi motar kara muna yara, muka yi ta langalanga da ƙafafun marfin kwalba. Bambancin wancan da wannan awo ne. Faɗin sabon dogo milimita 1,435 ne. Masu wannan sha'awa a Turai da Amurka sun fi rage kome sau 87, dogo ya dawo milimita 16.5. Wannan ya yi wa almakashina ƙanƙanta, sai na zaɓi ragi sau 32: dogo milimita 45, kan jirgi mai mita 10 kuma ya koma kimanin santimita 31. Daga nan kowace taga da kowane mataki sai an raba da 32 kafin a yanka.

Jiki na yi shi da gwangwanin madara. Wani dattijo mai yin fitilar a-ci-balbal a kasuwa ya koya mini liƙi da dalma, masu zubin tukwane suka zuba mini ƙafafu shida, injin tsohuwar rediyo mai kaset kuma ya zama abin juya su. Ran gwajin farko ƙannena suka cika zaure, jirgi ya tashi, ya isa kwana, ya kife. Suka yi ta dariya. Da na auna, ashe na yi kuskuren milimita biyu a tsakanin ƙafafu, leɓen da ke riƙe ƙafa bisa dogo kuma bai fito sosai ba. Bayan gyara sai ƙafafu suka riƙa juyawa wuri ɗaya in an ƙulla taragai uku. Dattijon nan ya ɗaga shi, ya ce, "Ɗana, ai ba shi da nauyi." Na cika cikinsa da notuna, ya ja. Darasin gogayyar ƙarfe da ƙarfe da na haddace don jarrabawa, ranar na gane shi.

Sai ƙawa. Madafai da wayar lantarki na lanƙwasa su, tagogi da farar roba. Bayan fenti na shafa garin gawayi wajen bututun hayaƙi, da jar ƙasa a ƙafafu, don kan jirgi mai aiki ba ya zama fes.

'Yan'uwa, da yawa daga cikinmu burinmu ofis ne da biro, muna kallon maƙeri kamar wanda boko ya bari a baya. Amma na ga dattijon nan na da hannu ba shi da lissafin awo, ni kuma ina da lissafi ba ni da hannu, sai da muka haɗu jirgi ya tafi. Saboda haka ina roƙon wannan ƙungiya, hutu mai zuwa ta nemi aji guda a wata firamare a Daura, mu tara yara masu motar kara, mu gayyaci maƙera, mu kai rula da almakashi. Ni na ɗauki alkawarin kawo zanen awo da wannan jirgi.

Wanda ke so ya ga yana tafiya ya matso bayan addu'a.