Jaki da Babur a Tsibirin Lamu



Lamu wani ɗan tsibiri ne a gaɓar Kenya ta arewa, cikin Tekun Indiya. Tsohon garinsa na Sawahilawa ya fi shekara 700 da kafuwa, kuma a 2001 hukumar UNESCO ta sanya shi cikin wuraren tarihi na duniya. Baƙon da ya zo ta sama a tsibirin Manda yake sauka, sa'an nan ya ƙetaro cikin jirgin ruwa. Da ya taka gari, sai tafiyar ƙasa ko bayan jaki.

Dalili kuwa shi ne lungunan garin matsattsu ne ƙwarai, mota ba ta iya ratsa su. Saboda haka jaki da mangalarsa shi ke ɗaukar yashi, da dutsen gini, da kayan masarufi daga bakin ruwa zuwa ƙofar gida. Tun 1987 aka buɗe wa jakunan gidan jinya. A lokacin bukukuwan gari akan yi sukuwar jakuna da tseren jiragen katako masu tafiya da iska, baƙi su yi ta kallo.

To, abin lura a nan shi ne, ba don baƙi aka riƙe jakin ba. Aikinsa ne ya tsare shi, kallo ya biyo baya. Amma a shekarun 2010 babura sun shigo, samari marasa aiki suka kama acaɓa a titin bakin teku. Masu kishin tarihi suka ce ana ɓata gari, samarin kuwa suka ce a nan abincinsu yake. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa.

Nan ne fa nauyi ya hau kan hukuma. Idan ta kori babur ba tare da ta sama wa saurayi abin yi ba, dokar ba za ta daɗe ba. Idan kuma ta zuba ido, ranar da mai jaki ya rasa dako zai sayar da dabbarsa, baƙon da ya zo domin ganin tsohon Lamu shi ma ya daina zuwa. Watau tilas ne a shata wa babur iyaka, a bar wa jaki lungu da dakonsa, kuɗin baƙi kuma ya riƙa isa hannun mai jaki da matuƙin jirgi. Abin gado da ke ciyar da mai shi, ba ya bukatar mai gadi.